Shafin da Aka Rubuta wa Bai Dobri Mai Aski

Duk namijin da ya girma a Tutrakan, da wuya a ce kansa bai taɓa shiga hannun Bai Dobri Kanchev ba. "Bai" laƙabi ne na girmamawa da muke kiran dattawa da shi. Shagonsa yana kan gangaren da ke sauka unguwar masunta, ɗaki ne guda da aka yanka daga gaban gidansa. A ciki akwai kujerar ƙarfe da ya gada wajen maigidan da ya koya masa aski, da madubi mai tabo a gefe, da bencin masu jiran layi. Ta taga kana hango kogin Dunav, da ƙasar Romaniya a ƙetare. Shi dai bai taɓa ƙetarawa ba, kuma bai taɓa jin yana so ba.

Gajere ne, mai sanƙo, ya doshi saba'in. Tsofaffin masunta da ke wuni a bencinsa ba su gajiya da tsokanarsa.

"Dobri, wa ya yi maka wannan askin da bai sake tsirowa ba?"

"Ni na yi," in ji shi. "A kaina na gwada hannuna kafin in taɓa naku. Kai ma in ka ci gaba da motsi haka zan yi maka."

Iyakar surutunsa ke nan. In aka shiga maganar siyasa ko ta magajin gari, sai almakashinsa ya ƙara sauri, bakinsa ya mutu. Bai taɓa shiga ƙungiya ba, bai taɓa sa hannu a takardar koke ba, ko da kuwa ta gyaran kwata ce. Waɗanda suka san gidansu ba su ganin laifinsa. Yana ƙaramin yaro aka zo da mota aka tafi da mahaifinsa, don an ga sunansa cikin waɗanda suka ƙi miƙa gonarsu ga gandun gwamnatin wancan zamani. Da mahaifin ya dawo bayan shekaru, babu haƙora a bakinsa, babu kuma magana. Tun daga nan Dobri ya ɗauka cewa kwanciyar hankalin mutum shi ne kada a san sunansa nesa da ƙofar gidansa.

Matarsa Velichka ta yi aiki a masana'antar gwangwani har aka rufe ta. Tana fama da ciwon suga, shi ne kuma mai yi mata allura safe da rana da yamma, don ta ce hannunsa ya fi na nas sauƙi. 'Yarsu tilo, Rumyana, tana Sifen tana kula da tsofaffin wasu.

Abin ya faro da kaka, lokacin da kowane gida ke gasa tattasai, ƙamshi ya cika gari. Tsohuwar wayar girke da ke kan kantar shagon ta yi ƙara. Wata mata ce, da karin harshen mutanen kudu.

"Malam, yau mako nawa ke nan? Ina maganina?"

"Baiwar Allah, nan shagon aski ne. Kin yi kuskuren lamba."

"Ba Dobri Kanchev ba ne?"

"Shi ne."

"To ai ban yi kuskure ba," ta ce, ta kashe.

Ya ba 'yan benci labari, aka yi dariya, wani ya ce ashe Dobri ya fara boka a ɓoye. Kwana biyu bayan haka wani ya kira, sannan wata, sannan wani. Wasu tambaya suke yi, wasu zagi. Wani ya ce masa ɓarawo, mai cin naman marasa lafiya. Abin da ya fi tsinka masa zuciya shi ne kowannensu ya san cikakken sunansa, wani har ya karanto masa sunan titinsu, ya ce, "Na san inda kake." Dobri ya daina ba da labari a benci. Da wayar ta yi ƙara sai hankalinsa ya bar kan aski, har ya taɓa yankar kunnen wani, abin da bai yi ba tun yana ɗan koyo.

Ranar kasuwa da hantsi wani baƙo ya shigo. Ƙato ne, mai kaurin wuya, gemunsa ya yi buzu-buzu irin na mai zaman makoki. Bai yi gaisuwa ba, ya zauna a ƙarshen benci. Duk wanda ya zo bayansa sai ya yi masa nuni da hannu ya wuce gaba. Haka ya yi ta yi har shago ya watse, 'yan benci suka tafi cin abinci. Sannan ya tashi ya tura ƙofa ya rufe, ya hau kujera.

"Gemu," ya ce.

Dobri ya ɗaura masa tawul, ya kaɗa kumfa ya shafa, ya wasa aska. Ya gama kunci ɗaya ke nan, mutumin ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa ya dire ta gaban madubi. Ya sake fito da takardar sanarwar rasuwa, irin wadda muke mannawa a ƙofa da jikin bishiya, ya jingina ta da kwalbar. Hoton wata mata ce mai faɗin fuska, tana murmushi.

"Ka san ta?"

"A'a."

"Sunanta Stoyna. Matata ce. Ni Tsanko, direban babbar mota, daga Harmanli." Sai ya cafke wuyan hannun Dobri, hannun da ke riƙe da askar, ya matse. "Ina kan hanyar Jamus ta sayi wannan a shafinka. An rubuta cewa wanda ya sha ya rabu da allura. Ta daina allurar ba ta gaya mini ba, wai tana so in dawo in tarar ta warke. Maƙwabta ne suka fasa ƙofa."

Askar ta faɗi ƙasa. Dobri ya ce, "Wane shafi?"

"Kada ka raina mini hankali, tsoho."

"Na rantse da Allah, ɗana, ban san abin da kake faɗi ba. Ni mai aski ne. Ka duba ka gani."

Tsanko ya miƙe, tawul a wuya, rabin fuska kumfa, kansa ya kusa taɓa rufi, bai kuma saki hannun ba. Dobri ya dubi ƙofar da aka rufe, ya dubi askar a ƙasa tsakanin takalmansu, ya ga ta fi kusa da ƙafar baƙon.

Ƙofar cikin gida ce ta buɗe. Velichka ta leƙo, hannunta baƙi ƙirin da toyin tattasai.

"Dobri, lokacin allurata ya wuce, kai kana nan kana..." Sai ta ga abin da ake ciki. Ba ta yi ihu ba. Ta tako ta tsaya tsakaninsu, ga ta 'yar firit. "Kai, sakar mini miji. Me ya ci maka?"

"Wace allura?" in ji Tsanko.

"Ta suga. Ina ruwanka?"

Ya dube ta, ya dubi Dobri, a hankali ya sassauta hannu. Ya ce a nuna masa kwamfutar gidan. Velichka ta ce ya shiga ya nema da kansa, in ya samu ya ɗauka kyauta. Ya kuwa shiga. Ya leƙa ɗakin kwana, ya leƙa kicin, ya buɗe kabad, bai ga komai ba sai tsohuwar talabijin da aka lulluɓe da saƙa, da kwalaben allura a ƙofar firiji. Ya dawo ya zube a benci, ya fito da wayarsa.

"Zo ka gani."

Ya nuna masa wani shafi mai launin kore, da hoton likita mai furfura yana ɗaga irin wannan kwalba. Sannan ya buɗe wani wuri, rubutu ne zalla da haruffan Latin, ba irin na rubutun ƙasarmu ba.

"Ɗan ƙanwata ya koya mini. Kowane shafi a intanet yana da suna, kowane suna kuma akwai wanda ya yi masa rajista. Kowa na iya dubawa, ko'ina yake a duniya. Karanta."

Dobri ya sa tabarau ya bi haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Sunansa ne. Ga sunan mahaifinsa a tsakiya, ga titinsu, ga lambar gida, ga lambar wayar da ke kan kanta. A gefe an rubuta kalmar da Tsanko ya fassara masa: mai shi.

"Kowa na iya gani?" ya tambaya.

"Kowa."

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara."

Tsanko ya goge kumfar da tawul, ya kwashi kwalbarsa da takardarsa. A bakin ƙofa ya juyo. "Na riga na kai ƙara. Za su neme ka. Ban ce na yarda da kai ba, tsoho. Kuma ka sani, ba ni kaɗai na iya karatu ba. Wani in ya zo ba zai tsaya duba firiji ba."

A ranar nan Dobri bai iya yi wa Velichka allura ba. Ita ta yi wa kanta.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya sa sakata, ya sauke labule, ya koma kicin ya zauna. Duk motar da ta rage gudu a gangaren sai ya miƙe tsaye. In aka ƙwanƙwasa sai ya riƙe hannun Velichka kada ta amsa, ko da kuwa muryar Bai Marin ce, tsohon masuncin da suka yi makaranta tare, yana cewa, "Kai mai sanƙo, mutuwa ka yi ba a manna takarda ba?" Abinci ya daina shiga. Abin da ke cinsa bai wuce tunanin cewa sama da shekara yana kwana yana tashi, yana aski yana raha, alhali ƙofar gidansa na buɗe ga duk duniya bai sani ba. Ya hana a gaya wa Rumyana.

Da takardar sammaci ta zo daga Silistra, babban birnin yankinmu, Velichka ta ɗaura ɗankwali ta tafi wajen Neda Pashova. Lauya ce, ofishinta na saman kantin magani, kuma Dobri ne ya yi wa mahaifinta aski har ranar da aka sa shi a akwati. Neda ta zo gidan da kanta, ta zauna a kicin ta buɗe kwamfutarta kusa da kwanon tattasai. Ta daɗe tana dubawa.

"Bai Dobri, ka taɓa ba wani katin shaidarka?"

"Ni? Ko Velichka ba na bari ta riƙe."

"Ƙarya kake," in ji Velichka. "Ka manta masu fararen riguna? Waɗanda suka zo kulob ɗin 'yan fansho bara, wai gwajin jini kyauta? Ba sun ɗauki hoton katin kowa ba, har suka tambayi lambar waya?"

Dobri ya dafe kai. Shi ma bai so zuwa ba a lokacin, saboda sugan Velichka ya raka ta.

Neda ta ce mai yiwuwa su ne, mai yiwuwa kuma ba su ba ne, babu mai iya tabbatarwa. Masu irin wannan aiki ba su sa sunansu. Sunan ƙarya kuwa yana saurin tonuwa a rufe shafin, don haka sukan nemi mutum na gaske, mai gida na gaske, wanda bai san intanet ba balle ya je ya duba.

"To ki gaya musu ba nawa ba ne, su goge."

"Zan rubuta wa kamfanin da ya yi rajistar. Amma ka san abin da za su ce? Sai umarnin kotu. Kotu kuwa ka san tafiyarta. Kafin nan shafin na aiki." Ta juya cokali a kofi. "Akwai wata hanya, amma ban ba ka shawararta ba. A rajista kai ne mai shi. In ka je da katinka ka tabbatar kai ne Dobri Kanchev, ka ce a mayar da ragamar sunan shafin hannunka, dole su saurare ka. In ya shigo hannunka, rana ɗaya ka kashe shi."

"In ce nawa ne?"

"Ka ce sunanka ne a kai."

"Ai duk ɗaya ne!"

"A wajen mai bincike zai iya zama ɗaya, shi ya sa na ce ban ba ka shawara ba. Sannan masu shafin za su san wanda ya rufe musu kasuwa. Sun kuma san gidan."

Dobri ya ce a bar maganar. Ya ce shi bai sayi komai ba, bai sayar ba, ba zai sa hannu a komai ba.

A Silistra an ajiye shi a wani dogon baranda tun safe. Yana zaune da hula a gwiwa, yana kallon ƙofofi, mahaifinsa kawai yake gani. Mai binciken matashi ne, bai yi masa tsawa ba, har ruwa ya ba shi. Amma ya yi ta maimaita tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban: wa ya ba katin, nawa aka ba shi, yana da ɗa ko jika mai harkar kwamfuta? A ƙarshe ya ce kada ya bar gari ba da sani ba. Dobri ya fito, ya jingina da bango ya yi amai.

Mutum ba zai rayu da rufaffen shago ba, sai ya koma buɗewa da safe kawai. Wayar ta ci gaba da ƙara. Velichka ta ce a cire ta, Neda ta ce a bar ta tukuna, mai bincike na so a riƙa lura da masu kira. Wata safiya ya ɗauka yana jiran zagi, sai ya ji muryar dattijo, mai ladabi, tana ɗan rawa.

"Gafarta mini, likita, na samu lambar ne wajen maƙwabcina. Kwalbar ta iso, na gode. Takardar ciki ta ce a bar allura daga mako na biyu. To ni ina ɗan jin jiri, baki na bushewa. In ci gaba haka ne, ko in ƙara yawan maganin?"

Dobri bai san lokacin da ya daka tsawa ba. "Yi allurarka! Yanzu, yanzun nan! Ka zubar da wannan abu a masai! Ni ba likita ba ne, mai aski ne, yaudararka aka yi! Akwai wani kusa da kai?"

"Ni kaɗai ne. Amma an rubuta..."

"Ka kira motar asibiti! A wane gari kake? Alo? A wane gari?"

Layin ya yanke. Tsohuwar wayar ba ta nuna lamba. Dobri ya tsaya riƙe da ita yana jira a sake kira, har wanda ke kan kujera ya gaji ya cire tawul da kansa ya fita. Ba a sake kira ba. Har yau bai san abin da ya sami wannan dattijo ba.

Ya shiga gida ya tarar da Velichka tana murɗa murafun kwalabe. Ya gaya mata. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Da ni ce fa? Da kana wata ƙasa, ni kaɗai a gida?"

"In na sa hannu za su zo, Velichka."

"Wataƙila."

"Za su iya ɗaure ni."

"Wataƙila. Sa rigarka mai kyau."

Suka je gaban mai shaidar takardu tare da Neda. Ta tsara maganar yadda za ta fito fili cewa shi bai buɗe shafin ba, amma tunda sunansa aka rubuta, yana neman a danƙa masa ragamar. Ta kuma aika wa mai bincike kwafi tun kafin ya ji a wani wuri. Da aka miƙo alƙalami, Dobri ya riƙe shi ya daɗe yana kallon layin. Gumi ya tsattsafo a sanƙonsa. Sa hannun da ya yi ya karkace har sai da aka sa ya sake.

Kamfanin yana Sofiya, ya ɗauki makonni yana jan ƙafa, yau a aiko hoton kati gaba da baya, gobe a aiko hotonsa riƙe da katin. Sanyi ya shigo, kogi ya yi toka-toka. Rannan da rana tsaka Neda ta shigo shago da kwamfuta a hammata, ta ɗora a kan kantar shagon.

"Ya shigo hannunka. Danna nan."

"Ke ki danna."

"Naka ne, Bai Dobri. Ni ba ni da iko."

Ya sa yatsa ya danna kamar mai taɓa garwashi. Ta sake buɗe shafin, babu likita, babu kwalba, sai fari fat. Ta kuma nemi a ɓoye sunansa da adireshinsa daga idon masu dubawa, ta ce akwai wannan damar tun farko, waɗancan ne ba su ga dalilin ɓoye shi ba.

Kwana biyu wayar ta yi tsit. A rana ta uku ta yi ƙara. Muryar saurayi ce, a natse, har da 'yar dariya.

"Bai Dobri, sannu da ƙoƙari. Ashe ka iya kwamfuta. Yaya jikin Goggo Velichka? Har yanzu ranar Talata take zuwa karɓar magani, ta bi ta bayan coci?"

Dobri ya ji kamar an watsa masa ruwan ƙanƙara.

"Gangaren nan naku yana da santsi da hunturu. Ku riƙa kula. In aka turo maka takarda ka mayar da abin da ka ɗauka, ka sa hannu kawai."

Wannan hunturu shi ne mafi tsawo a rayuwarsa. Bai ƙara barin Velichka ta fita ita kaɗai ba, ko shagon burodi ne yana biye da ita, yana waige. Wata baƙar mota mai duhun gilashi ta yi kwanaki tana tsayawa a gaban gidan da ke kallonsu. Ya kira Neda, Neda ta kira 'yan sanda, suka zo suka tarar surukin maƙwabcinsa ne ya zo hutu daga Varna. Wata safiya kuma ya tarar an fasa gilashin tagar shago da dutse. Wannan kam ba a gano mai shi ba. Zai iya zama su, zai iya zama wani da aka cuta wanda ya kwafi adireshin tun da, zai iya zama yaran unguwa. Rashin sanin ne ya fi cinsa.

A lokacin ne ya gaya wa Bai Marin komai. Marin ya saurara, ya tofar da yawu, ya ce, "Amma kai jaki ne. Wata nawa kana ramewa muna cewa Velichka ce ta hana ka abinci?" Daga ranar bencin bai sake zama babu kowa ba. Tsofaffin masunta suka raba wa kansu lokaci, wani ya zo da safe, wani bayan cin abinci, wani da ƙaton karensa, wani da sandar kwale-kwale da ya jingina a bayan ƙofa. Babu wanda ya ce gadi yake yi. Karta suke bugawa, suna kurɓar giyar gida da muke kira rakiya, suna zagin askinsa.

Takardar da saurayin ya ambata ba ta zo ba. Bai sake kira ba. Neda ta ce tabbas sun ga ya fi musu sauƙi su sayi wani suna. Haka kuwa aka yi. Tsanko ne ya buga waya wajen bazara, bai yi gaisuwa ba kamar yadda ya saba.

"Tsoho, sun sake buɗewa. Likitan nan dai, kwalbar nan dai, suna ne kawai suka canja."

"Sunan wa suka sa?"

"Wannan karon sun ɓoye. Ba a ganin kowa." Ana jin ƙugin injin mota. "Na ji abin da ka yi. Hannunka da na murɗe, ya warke?"

"Ya warke."

"To," in ji Tsanko, ya kashe.

Binciken ya ja har shekara ta zagayo, sannan aka rubuto cewa Dobri shaida ne, ba wanda ake tuhuma ba. Masu fararen riguna ba a gan su ba. Ko an kama wani daga baya, labarin bai iso Tutrakan ba.

Dobri ya ɗauka ya rabu da abin ke nan. Ya je ofishin Neda da kifi a nannaɗe cikin jarida, ya ce yanzu sai a goge sunan shafin, kowa ya huta. Ta girgiza masa yatsa.

"In ka sake shi, ya koma kasuwa, kowa na iya saya. Kuma akwai mutane da yawa da har yanzu suke da adireshin shafin a rubuce, yana jikin kwalabe, yana jikin takardun talla. In waɗancan suka sake saye, marasa lafiya za su koma can kai tsaye."

"To sai yaushe?"

"Duk shekara a sabunta. Ni zan riƙa tuna maka."

Ya zauna ya yi tagumi. "In na mutu fa?"

"Sai ya shiga gado, kamar gida."

"Rumyana? A'a. Sunan 'yata ba zai hau wannan abu ba."

Suka daɗe suna jayayya. A ƙarshe Neda ta ce ana iya sabuntawa na shekaru masu yawa a gaba lokaci ɗaya, ta yadda kafin ya ƙare duk kwalaben sun ruɓe, an manta da sunan. Ya ce a yi haka. Ta kuma ba shi shawara, tunda shafin nasa ne, kada a bar shi fari. Suka rubuta layi biyu da manyan haruffa, namu: wannan magani na ƙarya ne, kada ka daina allurarka, ka je wurin likitanka. Neda ta tambaya ko a sa sunansa a ƙasa. Ya kalle ta kamar ta zage shi.

Rumyana ta ji labarin daga baya, a bakin wata maƙwabciya, ta bugo tana kuka tana faɗa, ta ce su tattara su koma wurinta. Velichka ta ce ita ba ta iya barin lambunta. An cire wayar girken, an saya wa Dobri 'yar ƙaramar wayar hannu wadda mutum biyar ko shida kawai suka san lambarta. Yana aski har yanzu, da safe zuwa azahar. Amma ya juya kujerar ta fuskanci ƙofa, kuma in baƙuwar fuska ta shigo, sai ya ajiye aska a aljihun riga, ya tambayi mutum daga ina yake, wa ya kwatanta masa shagon, kafin ya ɗaura masa tawul.